Yada Zango a Baƙon Birni: Matafiyin Gwarzo da Kabo Tsakanin Jirgi da Jirgi

Kalmar zango tsohuwa ce a bakin Bahaushe, ta kuma girmi jirgin sama da ɗaruruwan shekaru. A zamanin fatauci, zango shi ne wurin da ayari yake sauka a gefen gari domin a sauke wa jakuna kaya, a shayar da dabbobi, a kwana, sannan a ɗaura da asuba a kama hanya, kuma daga wannan al'ada ce aka sami unguwannin da har yau ake kira da wannan suna a Kumasi da Salaga da sauran garuruwan ƙasar Gana. Fataken goro da suke tashi daga Kano zuwa Gwanja, waɗanda masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi nazarinsu a littafinsa na 1980, ba su sauka a wani gari da ka: akwai madugu mai yanke lokacin sauka da na tashi, akwai jagaba mai sanin hanya, a cikin gari kuma akwai fatoma, wato mai masaukin baƙi, wanda yake ajiye wa falke kayansa, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Abin da ake kira yada zango a harkar jiragen sama, wato sa'o'in da fasinja yake shafewa a wani filin jirgi yana jiran jirgin da zai ƙarasa da shi, ya gaji sunan nan, amma bai gaji madugu da fatoma ba, kuma yawancin matsalolin da suke samun mai son leƙa gari a wannan tsakani daga wannan giɓi suke fitowa.

Mutanen yammacin jihar Kano ba baƙin jirgin sama ba ne. Sunan Kabo kansa ya daɗe a jikin jirage, tun da Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin Kabo Air a 1980, wanda manyan jiragensa ƙirar Boeing 747 suka yi shekaru suna jigilar alhazai daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Sai dai jirgin alhazai ayari ne irin na da: ana tashi tare, ana sauka tare, akwai jami'an hukumar alhazai da malamai masu bita, kuma babu wanda ake bari ya yi wa kansa shawarar inda zai kwana. Wanda ya san jirgi ta wannan hanya kaɗai, ranar da ya yanki tikitin kansa domin zuwa sayo kaya a birnin Guwanzu na ƙasar Sin, ko kai mara lafiya asibiti a Indiya, ko karatu, ko umara a wajen lokacin aikin hajji, sai ya tarar da wani tsari dabam. Daga Kano, kamfanin jiragen Habasha yana bi ta Adis Ababa, na Masar ta Alƙahira, na Ƙatar, wanda ya fara zuwa Kano a 2022, ta Doha, wanda kuma ya sauka Abuja ko Legas yana iya samun kansa a Istanbul ko Dubai. Tun da ba kowace rana kowane kamfani yake da jirgi zuwa kowane gari ba, jiran yakan kai awa takwas ko goma sha biyu, wani lokaci har kwana guda, kuma a nan ne zuciya take raya wa mutum cewa asara ce ya zo bakin ƙofar Alƙahira ya koma bai ga Azhar ba.

Abu na farko da yake yanke hukunci a kan wannan buri shi ne fasfo. Fasinjan da ya sauka domin canza jirgi yana cikin wani sashe na filin da ake ɗauka, a wajen jami'an shige da fice, kamar bai shiga ƙasar ba tukuna, kuma ba zai wuce shingensu ya taka titi ba sai da biza, ko dai ta ziyara ko kuma ta wucewa, wato izini na ɗan gajeren lokaci da ake bai wa mai tikitin ci gaba da tafiya. Yawancin bayanan da ake karantawa a intanet game da sauƙin fita yawo an rubuta su ne domin masu fasfon Turai da Amurka, waɗanda ake buga wa biza a bakin ƙofa, alhali mai koren fasfon Najeriya yana bukatar ya nemi izini tun daga gida a mafi yawan waɗannan ƙasashe. Dokokin kuma ba su zama wuri ɗaya: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza a 2022, ba ta dawo da ita ba sai a 2024, saboda haka labarin ɗan'uwan da ya zaga Dubai shekaru biyar da suka wuce ba hujja ba ne ga mai tafiya bana. Wanda ya cancanci a tambaya shi ne kamfanin jirgin da kansa, a ofishinsa, kafin a biya kuɗin tikiti, domin ejan mai yankar tikiti yakan ce komai mai sauƙi ne tun da ba shi ne zai tsaya gaban jami'in ba. Wasu kamfanoni suna ɗauke wa fasinja wannan nauyi: kamfanin Habasha yana bai wa wanda jiransa ya kama tsakanin awa 8 zuwa 24 masauki a otal da abinci da mota, tare da izinin wucewa, matuƙar babu wani jirgi da zai iya hawa kafin nan, amma wannan alfarma tana da sharuɗɗa, kuma ya kamata a tabbatar da ita tun a Kano.

Bayan izini sai lissafin lokaci, wanda shi ne inda masu hankali ma suke yin kuskure, domin awannin da aka rubuta a tikiti ba duka ne na matafiyi ba. Idan aka ɗauki jiran awa goma, sauka daga jirgi da bin layin shige da fice sukan ci awa guda ko fiye, tafiya cikin gari da dawowa takan ci wasu biyu idan an haɗa da cunkoso, sannan wajibi ne a kasance cikin filin awa uku kafin tashi, saboda za a sake bin binciken tsaro da na fasfo daga farko, kuma ana rufe ƙofar shiga jirgi tun kafin lokacin tashin da aka rubuta. Abin da ya rage bai wuce awa huɗu ba, a cikinsu kuma akwai salla da cin abinci. Daga wannan lissafi ake gane cewa jiran da bai kai awa bakwai ko takwas ba bai isa fita ba, duk yadda gari yake kusa. Akwai kuma bambanci tsakanin awannin rana da na dare, wanda tikiti ba ya nunawa: jiragen da suke tashi daga Afirka ta Yamma galibi da dare suke isa Adis Ababa, kuma awa goma da suka fara daga ƙarfe tara na dare awannin barci ne a otal. Mutumin Gwarzo ko Getso ko Garo yana da wani ƙarin nauyi da mazaunin birni ba shi da shi, domin tafiyarsa ta fara tun kafin filin jirgi: ya yi sammako, ya ci kimanin kilomita 70 idan daga Gwarzo ne, ta ƙasar Kabo da Rimin Gado da Janguza, ya ratsa cunkoson Kabuga, ya yi awanni a layi, sannan ya zauna awa huɗu ko biyar a sama. Gajiyayyen mutum shi ne yake mance jaka a mota, shi ne kuma yake kwanciya da niyyar rintsawa kaɗan ya farka jirgi ya tashi.

Agogo ma yana da nasa tarkon. Habasha da Ƙatar da Saudiyya da Turkiyya suna gaban Najeriya da awa biyu, Masar kuwa da awa ɗaya a lokacin sanyi, amma tun 2023 ta dawo da tsarin tura agogo gaba a lokacin zafi, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba tazarar takan zama awa biyu. Lokacin da aka rubuta a tikiti kuma kullum na garin da jirgin zai tashi ne. A Adis Ababa akwai wani abu da ya fi wannan rikitarwa, wato mutanen gari suna fara ƙirga awanninsu ne daga fitowar rana, ta yadda abin da suke kira ƙarfe ɗaya na safe shi ne ƙarfe bakwai a agogon da filin jirgi yake aiki da shi. Wanda ya yi alkawari da direba ya dawo ya ɗauke shi ƙarfe huɗu, bai tantance da wane agogo ake magana ba, yana iya samun saɓanin awa shida cif. Hukuncin makara kuwa mai tsanani ne: idan jinkirin daga kamfani ne, kuma tikitin ɗaya ne, kamfani zai sa fasinja a jirgi na gaba, amma idan fasinja ne ya makara saboda yawo, a bisa al'adar kamfanoni ana soke sauran tafiyar da ke cikin tikitin har da ta komawa gida, sai ya sayi sabo a farashin ranar.

Idan izini ya samu, lokaci kuma ya isa, Adis Ababa tana cikin biranen da suka fi sauƙin leƙawa, domin filin jirgin Bole yana manne da gari, 'yan kilomitoci kaɗan daga dandalin Meskel. Gidan tarihi na ƙasa, inda aka ajiye ƙasusuwan nan da aka tono a 1974 ake kira Lusi, da masallacin Anwar da ke cikin babbar kasuwar Markato, sun isa cika awa uku ba tare da gaggawa ba. Musulmi da yawa sukan tambayi kabarin Najjashi, sarkin da ya karɓi sahabbai a hijira ta farko, amma garin Negash, inda kabarin yake, yana can yankin Tigrai a arewa, ɗaruruwan kilomitoci daga babban birnin, ba wurin mai yada zango ba ne. Abin da ba a cika faɗa wa matafiyi ba shi ne birnin yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba, saboda haka iska ba ta da kauri, hawa matakala kaɗan yana sa haki, dare kuma yana da sanyin da ya yi kama da na tsakiyar hunturu. Dattijo mai hawan jini ko ciwon zuciya, ko wanda ake kai wa asibiti, gara ya huta a otal. Markato kuwa, ɗan kasuwar da ya saba da kasuwar Kwari ko ta Kurmi yakan ji kamar ya zo gida, wannan sakewar ce kuma 'yan sane suke jira. Dabararsu sananniya ce: wani ya tofa wa baƙo yawu ko ya zuba masa wani abu a riga kamar bisa kuskure, ya shiga ba da haƙuri yana goge masa, abokinsa kuma yana lalube aljihu, ko yara masu talla su yanyame shi su kare masa ganin hannayensu da abin tallar. Aljihun gefe na kaftani, wanda yake buɗe kuma yake lilo, kamar domin su aka ɗinka shi.

Alƙahira ta fi girma, ta fi daɗin gani, ta kuma fi cin lokaci. Filin jirginta yana arewa maso gabas, dalar Giza kuma tana can ɗaya gefen, a hayin kogin Nilu, kuma a ranar aiki tafiya tsakaninsu tana iya wuce awa guda kowace fuska, ban da fama da masu raƙuma da dawaki waɗanda suka shahara da faɗin kuɗi kaɗan wajen hawa da neman mai yawa kafin saukewa. Ga mai awa huɗu, tsohon birnin ya fi riba nesa ba kusa ba, domin masallacin Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka fara ginawa a 970, da masallacin Husaini da kasuwar Khan al-Khalili duk suna fuskantar juna, ana zaga su da ƙafa. Azhar ba baƙon wuri ba ne ga mutanen wannan yanki, tun da ɗaliban Barno sun daɗe da samun ruwaƙi nasu a cikinsa, wato sashen kwana da karatu da ake keɓe wa 'yan ƙasa ɗaya, kuma har yau birnin cike yake da ɗaliban arewacin Najeriya. Wuri ɗaya da aka gani a natse ya fi uku da aka gani ta tagar mota ana duban agogo.

Sauran biranen ba su bukatar dogon bayani. Doha ƙarama ce, jirgin ƙasa na cikin gari ya haɗa filin Hamad da tsakiyarta, kasuwar Waƙif da gidan tarihin fasahar Musulunci suna kusa da juna, babban abin tsoro shi ne zafin bazara da yake haura digiri 40. A Istanbul sabon filin da aka koma a 2019 yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsohon birni, kamfanin Turkiyya kuma yana zagayawa da fasinjojin da jiransu ya kama awa 6 zuwa 24 kyauta, amma sai mai bizar shiga. Ofishin jakadancin Najeriya kuwa yana Ankara, abin da wanda ya yar da fasfo a Istanbul zai gane da wahala. Saudiyya ta ɓullo da bizar yada zango ta awa 96 a farkon 2023 ga masu tafiya a jiragen Saudia da flynas, wadda ake iya yin umara da ita, ga kuma jirgin ƙasan Haramaini daga filin Jidda zuwa Makka cikin kimanin awa guda, sai dai a tabbatar wa kai cewa fasfon da ke hannu yana cikin waɗanda ake bai wa.

A duk waɗannan wurare tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wane ne zai tsaya a matsayin fatoma. Hausawa suna cewa matambayi ba ya ɓata, amma karin maganar bai ce a tambayi duk wanda ya fara yin sallama ba, kuma a bakin ƙofar filin jirgi wanda ya fi kowa saurin tarbar baƙo shi ne wanda ya fi kowa bukatar abin da ke aljihunsa. Abin da ya sa fatoman da yake da amana shi ne yana da gida da suna da zai rasa idan ya ci amanar baƙo, kuma da wannan ma'auni ake auna na yau: motar otal ɗin da kamfani ya bayar, ko yawon da kamfanin jirgi ya shirya, wanda ya san lokacin tashin kowa, ko motar da aka kira ta manhajar waya, kamar Ride da Feres a Adis Ababa ko Uber a Alƙahira, inda sunan direba da lambar mota da kuɗin tafiya suke a rubuce, ko kuma ɗalibi ɗan gida wanda aka san iyayensa a Kabo ko Lakwaya aka kuma yi magana da shi tun kafin a taso. Jin Hausa a baƙon wuri yana sanyaya zuciya, sai dai harshe ɗaya ba shaida ba ce ta gaskiya. Hatsarin da ya fi girma ma ta wannan ƙofa yake shigowa, wato roƙon a riƙe wa wani jaka ko a kai masa saƙo, abin da kunya takan hana Bahaushe ƙi. Wani lokaci ma ba sai an roƙi mutum ba: a ƙarshen 2018 an kama a Saudiyya wata ɗaliba da ta taso daga Kano saboda ƙwayoyin tiramadol da aka samu a wata jaka mai ɗauke da sunanta, ba a sake ta ba sai a 2019, bayan bincike ya nuna cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgi suka liƙa sunan nata a kayan da ba ta san da su ba; hukuncin fataucin ƙwaya a can kisa ne. Saboda haka ƙananan takardun lambar kaya da ake liƙa wa fasinja a bayan tikiti abin adanawa ne, a ƙirga su a ga sun yi daidai da yawan jakunkunansa. Haka nan abin da yake halal a wannan gari yana iya zama laifi a na gaba: ganyen cat da ake taunawa a fili a Habasha haramtacce ne a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, goro ma Saudiyya ta hana shiga da shi, magungunan asibiti masu ƙarfi kuma suna bukatar takardar likita.

Ɗan kasuwar da ya ɗauko jarinsa a dala daga wajen 'yan canjin Wapa shi ne wanda fita yawo ba ta dace da shi ba ko kaɗan, domin ba zai iya barin kuɗin ba kuma bai kamata ya shiga kasuwa da su ba, ban da cewa shiga ƙasa da kuɗi masu yawa yana wajabta bayyana su ga kwastam, kowace ƙasa da nata iyaka. Wanda zai fita, ya canza abin da zai ishe shi mota da abinci a banki cikin filin jirgi, domin canjin bakin titi, wanda ya saba da shi a gida, laifi ne a Masar da Habasha. Fasfo da takardar shiga jirgi da katin allurar shawara su zauna a aljihun ciki, hotunansu kuma a waya da kuma wajen wani a gida; wayar ta kasance da caji, da taswirar gari da aka sauke tun a intanet ɗin filin jirgi, tun da layin Najeriya yakan ƙi aiki ko ya cinye kuɗi cikin mintuna. Ɗaukar hoton sojoji da 'yan sanda da gine-ginen gwamnati yana kai mutum ofishin bincike a Alƙahira da Adis Ababa, ɗaukar mutane ba da izininsu ba kuma laifi ne a Dubai, kuma ko an sake shi bayan awa biyu, awa biyun nan su ne na komawa filin jirgi. Ta fuskar ibada kuwa akwai sauƙi, domin a mazhabar Malikiyya matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana ci gaba da yin ƙasaru, filayen nan kuma duk suna da wuraren salla.

A hanyar dawowa lissafin yakan canza, domin kuɗi sun koma kaya, jiki ya gaji, hankali kuma ya riga ya isa gida. Kafin a fita ko'ina ya kamata a duba lambar kayan a ga ko an rubuta Kano a kanta, alamar za su wuce da kansu, ko kuwa tikiti biyu ne dabam-dabam, wanda yake nufin sai an karɓe su an sake aunawa, abin da yake cinye wata awar daga cikin 'yan awannin yawo. Idan kuma jirgin ya sauka Kano bayan magariba, saura zango ɗaya da ba a rubuta a tikiti ba, domin mai akwatuna cike da kayan Sin ko na Masar gara ya kwana wajen 'yan'uwa a Kabuga ko Rijiyar Zaki, ya kama hanyar Gwarzo bayan gari ya waye.